Tarihin Rayuwata a Aikin Abinci, Kashi na 9: Kwalbar Mai da Maganar Rage Ƙiba

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan tarihi. Makon jiya mun tsaya a kan tuwo da shinkafa. Yau sai mai, domin a aikin nan namu babu tambayar da matan Kaduna suka fi yi kamar wannan: "Hajiya, in daina cin mai gaba ɗaya ne?" Amsa ita ce a'a. A auna shi, a kuma san irin wanda ake zubawa a tukunya.

Giram ɗaya na mai yana ba jiki kalori 9 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), alhali sitaci da furotin 4 suke bayarwa. Cokalin cin abinci ɗaya, kimanin giram 14, ya kai kalori 120, kuma a wannan lissafin man gyaɗa da manja da man zaitun duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Masu sayen man zaitun da tsada suna kwarara shi a kan salak da tunanin ba ya sa ƙiba, su ji wannan da kyau.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada maiƙo ya wuce kashi 30 cikin 100 na kalorin da babba yake ci a rana. Ga mai cin kalori 2,000, giram 67 ke nan, kuma har da wanda ido ba ya gani: kitsen nama, ƙwai, madara, da gyaɗa da agushi da riɗi waɗanda kusan rabin nauyinsu mai ne. In aka cire waɗannan, abin da ya rage wa tukunya bai fi cokali biyu a wuni ba ga kowane babba.

Ga yadda uwargida za ta gane inda gidanta yake. Kwalbar da ake auna mai da ita a Bakin Dogo ko kasuwar Kawo, mai cin santilita 75, tana ɗauke da kusan giram 690, wato kalori 6,200. Gidan mutum shida da ke cinye ta a kwana uku, kowa yana shan giram 38 a rana, kusan cokali uku, tun kafin a lissafa ƙosan safe da awarar yamma da tsiren maigida. In kwalbar ta kai kwana shida, kowa ya rage kalori 170 a kullum ba tare da an taɓa tuwonsa ba. Ki rubuta ranar da kika buɗe kwalba a jikinta. Ki kuma auna ludayinki sau ɗaya, ki ga cokali nawa yake ci, don ludayi ba girma ɗaya ba ne.

Wajen miyar dage-dage ne mai ya fi salwanta. Dalilin da ya sa ake malala shi, wai don ya kashe tsamin tumatir. To, ki fara tafasa jajjagenki shi kaɗai har ruwan ya ƙone ya yi kauri, sannan ki soya albasa da cokali huɗu na mai, ki juye a kai. Wannan ya ishi mutum shida. Romon nama kuwa, a bar shi ya huce sosai, kitsen zai daskare a sama, a kwashe da cokali. Miyar agushi da ta gyaɗa sun zo da mansu, cokali ɗaya ko biyu na manja don launi ya wadatar. Garau-garau da ɗanwake, kowa a zuba masa cokali ɗaya a kwanonsa, kada a ajiye kwalba a tsakiyar tabarma.

A suya, man da bai yi zafi ba shi ne ke shigewa cikin ƙosai ya jiƙe shi. Ki ɗiga ƙullu kaɗan: in ya taso nan take yana ƙyar-ƙyar, mai ya yi. Kada a cika kasko, don yana sauke zafin. Man da ya yi baƙi, ko yake kumfa, ko yake hayaƙi da wuri, ya lalace, a zubar.

Yawan mai ke shafar nauyi. Irinsa kuwa, zuciya da jijiyoyin jini yake shafa. Man shanu da kitsen nama da man kwakwa da man alayyadi sun cika da nau'in maiƙon da ke daskarewa, wanda ke ɗaga mummunan kwalastaral a jini. Shi wannan kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin rana, wato giram 22 ga mai cin kalori 2,000. Manja kusan rabinsa irin wannan ne, amma jansa yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Shi ya sa ƙona shi har ya yi fari yake ba ni takaici: an kashe amfanin, an bar kalorin, an cika gida da hayaƙi. Don girkin yau da kullum, man gyaɗa ko na waken suya ya fi, sai kifi mai maiƙo irin su titus da shawa sau biyu a mako. In za a sayi na galan, a duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da alamar ido da ke nuna an ƙara masa bitamin A.

Masu yanke mai kwata-kwata kan faɗa matsala biyu. Ta farko yunwa: maiƙo yana sa abinci ya daɗe a ciki, in babu shi sai a koma ga burodi da lemon kwalba, jiki kuma yana mayar da rarar sitaci kitse. Ta biyu, bitamin A da D da E da K sai da maiƙo hanji yake tsotsarsu, don haka kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan mai ya fi zogale gaya amfani. Ramewa da gaggawa ba tare da maiƙo ba kan haifar da tsakuwa a matsarmama, saboda ruwan ɗacin yana kwanciya ba ya fita.

Akwai kuma masu tsarin keto, da ke barin hatsi su rungumi mai. Kilon da ke zubewa a makon farko yawancinsa ruwa ne. A shekarar 2018 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun fitar da sakamakon mutum 609 da suka bi tsawon shekara guda: masu rage mai sun sauke kimanin kilo 5, masu rage sitaci kimanin kilo 6, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Kilo ɗaya na kitsen jiki ya kai kalori 7,700, don haka rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau.

Duk wannan lissafin na manya ne. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyu ba a rage masa mai, mai juna biyu da mai shayarwa ba lokacin rage ƙibarsu ba ne, mai ciwon suga da ke shan magani kuma ya fara ganin likitansa kafin ya sauya cimarsa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga maganar sukari a shayi da kunu da zoɓo.