Ranar da taya ta juya da kanta a kan jak

Ina shekara ta biyu a gareji aka kawo mana wata mota mai ja da ƙafa huɗu. Mai ita ya fito yana ta mita: sitiyari ya yi tauri, in ya sha kwana sai motar ta riƙa tirjiya tana tsalle, tayoyi suna kuka, sandar da ake sa ta a ƙafa huɗu kuma ta ƙi dawowa ko ya danna da hannu biyu. A lokacin ina ji da kaina. Ko leƙa ƙarƙashin motar ban yi ba na ce famfon sitiyari ne, na ɗauko sifana. Maigidana bai kula ni ba, ya tambayi mutumin: "Tun yaushe take a 4H?" Wato tun yaushe aka sa ta a ƙafa huɗu. Mutumin ya ce tun da ya fito daga wata laka kwana uku ke nan, kuma tun daga ranar a kwalta yake yawo.

Maigida ya ce: "Kai yaro, ajiye sifanar nan ka kawo jak. Ɗaga taya guda ta gaba, amma ka janye hannunka da fuskarka." Tayar na barin ƙasa sai ta fizge ta juya da kanta, ji kake ƙau, alhali injin a kashe yake. Da yatsa biyu ya mayar da sandar 2H, wato ƙafa biyu. Kunya ta kama ni.

Bai yi mini dogon bayani ba. Ya watsa ruwa a ƙasa, ya sa na bi ta ciki da motar ina shan kwana, sannan ya ce in sauko in ƙirga sawu. Huɗu na gani, kowanne da hanyarsa. Na gaba sun yi da'ira mai faɗi, na baya sun yanke ta ciki. Ashe a kowace kwana ƙafafun gaba sun fi na baya tafiya mai nisa, don haka dole farfelar gaba, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi ga ƙafafun gaba, ta fi ta baya saurin juyawa. Gani ya kori ji.

Daga nan na fara fahimtar akwatin nan da ke manne a bayan giyabos, wanda muke ce wa tiransifa. Aikinsa ya karɓi juyin da ya fito daga giya ya raba shi biyu, farfela ɗaya ta nufi gaba, ɗaya ta nufi baya. Wani da haƙoran giya zalla yake aiki, wani da sarƙa mai faɗi. A irin motar da aka kawo mana, da ka sa 4H an ɗaure farfelolin biyu sun zama kamar sanda ɗaya, ba wadda za ta wuce 'yar'uwarta ko da juyi ɗaya. A laka ko rairayi wannan ba komai ba ne, domin taya za ta ɗan zame ta sauke bambancin ba tare da ka sani ba. Kwalta busasshiya kuwa ba ta sakin taya. Sai bambancin ya taru a cikin ƙarfe, farfela da aksul, wato ƙarfen da ke juya tayoyin hagu da dama, su murɗe kamar igiyar da ake tufkawa, har wani abu ya gaji, ko sarƙa ta miƙe, ko haƙori ya karye, ko tayoyi su cinye. Murɗin nan ne ya sake da muka ɗaga taya. Daga baya na koyi cewa sau da yawa ribas kaɗan a miƙe ma yana warware shi, kuma ya fi jak aminci.

Na ɗauka na gama gane komai, sai ga darasi na biyu, wanda ya fi ba ni wahala. Akwai motocin da kullum a ƙafa huɗu suke, har a kwalta, kamar Range Rover tun fitowarta a 1970 da yawancin Land Cruiser 80 da aka fara a 1990. Me ya hana su murɗewa? A cikin tiransifarsu akwai difaranshiya ta uku bayan ta aksul ɗin gaba da ta na baya, wato difar tsakiya, wadda take barin gaba da baya su yi gudu daban-daban, kamar yadda difar aksul take yi tsakanin hagu da dama. Wata rana muka je ɗauko irin wannan mota da ta maƙale a bakin wani kwazazzabo, taya guda ta gaba tana lilo a iska. Direba na taka totur, tayar nan ita kaɗai take wulwulawa, sauran ukun ko motsi. Nan take na ce tiransifa ta mutu. Maigida ya leƙa ta taga ya danna wani maɓalli mai hoton ƙafafu huɗu da alamar X a tsakiya, fitila ta kama, motar ta fito kamar ba ita ba.

Na daɗe ina juya wannan a raina kafin ya zauna. Difa buɗaɗɗiya mai adalci ce har ya yi yawa. Ƙarfin murɗi iri ɗaya take ba kowane ɓangare, amma ba za ta iya ba mai riƙo fiye da abin da marar riƙo zai iya ɗauka ba. Tayar da ke iska ba ta da abin turawa, rabonta kusan sifiri ne, don haka rabon sauran ma ya koma kusan sifiri. Maɓallin nan kulle difar tsakiya yake yi, ya hana ta wannan adalcin, ya tilasta farfelar baya ta juya daidai da ta gaba ko gaba na da riƙo ko babu. Wato motar ta koma daidai da waccan ta farko a 4H, da amfaninta da illarta duka. Ka manta da shi a kulle ka hau kwalta, murɗi zai dawo.

Wani abin da direbobi da yawa ba sa so su ji shi ne makullin tsakiya iyakarsa gaba da baya. Idan taya guda ta gaba da ta kishiyar kusurwa a baya suka rasa riƙo lokaci ɗaya, mota za ta tsaya cak tana wulwula biyun nan, sai in tana da makullin aksul ko na'urar da ke kama birkin tayar da ke zamewa.

Shi 4L bai taɓa rikita ni ba. Ƙaramar giya ce a cikin tiransifa da ke rage gudu ta ninka ƙarfi, kusan sau 2.5 a Land Cruiser 80, sau 4 a Jeep Wrangler Rubicon. Ka tsaya, ka sa a furi, sannan ka shigar. Riƙon ƙasa dai ba ta ƙara maka ko kaɗan.

Kuskuren da har yau yake damuna a kan taya na yi shi. Wani ya zo da mota mai difar tsakiya ta ruwan silikon mai kauri, irin wadda ke kama kanta in ta ji bambancin gudu. Na sa masa sababbin tayoyi biyu a gaba masu ɗan girma, na bar tsofaffin ƙanana a baya, ban ga laifin haka ba. Ita kuwa difar a ganinta kullum wani ɓangare yana zamewa, har a miƙaƙƙiyar hanya, sai ta yi ta aiki tana ɗaukar zafi ba hutu. Bayan 'yan watanni ya dawo tana tirjiya a kwana. Maigida ya miƙo mini igiya ya ce in zagaya kowace taya in gwada tsawon. Na gwada na gaba, na gwada na baya, na ɗago muka haɗa ido, bai ce mini uffan ba. Igiyar tana cikin akwatin kayan aikina har yanzu, kuma ita nake fara ɗaukowa kafin sifana duk lokacin da aka ce mini tiransifa na ƙara.