Agogon da tsuntsu ke leƙowa daga ciki

Baffana yana gyaran agogo da rediyo a kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis. A rumfarsa wani mai kayan gwanjo ya ajiye wani ɗan gida na katako, sarƙoƙi na reto a ƙasansa, kowace da curin ƙarfe. Da awa ta cika sai 'yar ƙofa ta buɗe, tsuntsu ya leƙo ya yi "ku-ku". Baffa ya juyo bayan agogon ya ce mini, "Kai ɗan boko, wannan rubutun fa?" Kuckucksuhr aka rubuta.

Sunan bai da wani zurfi. Kuckuck tsuntsu ne da Jamusawa suka raɗa wa suna daga kukansa, Uhr kuma agogo, daga kalmar Latin hora, wato sa'a. Tsuntsun ma baƙo ne a wurinsu, idan sanyi ya shigo Afirka yake tahowa.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne masu yin sa. Manoma ne na yankin Schwarzwald, wato Baƙin Daji, a kudu maso yammacin Jamus. An ce idan ƙanƙara ta rufe gonaki sai su zauna a ɗaka suna sassaƙa agogo, har haƙoran injin da katako, 'yan talla su goya a baya su shiga duniya. Sana'ar rani ke nan irin tamu, sai dai su ba su tafi ci-rani ba, hajar ce ta tafi. Wajen 1750 suka fara sa tsuntsun, ko da yake ba su suka ƙago shi ba, don tun 1629 wani mutumin Augsburg, Philipp Hainhofer, ya bayyana irinsa. Siffar gidan kuwa daga baya ta zo. A 1850 makarantar koyon agogo ta garin Furtwangen da ke yankin ta nemi sabon zane, sai wani mai zanen gine-gine, Friedrich Eisenlohr, ya kwaikwayi ɗakunan masu gadin layin dogo.

Babu batir a ciki. Nauyin ƙarfen ne ke jan sarƙa, sarƙa ta juya inji. Kukan kuma ƙananan zugazugi biyu ne ke hura sarewa biyu, ɗaya siririyar murya, ɗaya mai kauri. Zugazugi guda na wannan agogon ya yage, Baffa ya liƙe shi da 'yar fata mai laushi daga wurin dukawa. Muryar ta ɗan dushe, amma mai kayan ya karɓa, har ya ƙara wa abinsa kuɗi.