Ƙuli-ƙulin Hajiya da ƙugiyoyi dubu biyu

Aikin farko da aka biya ni kuɗi a kansa bayan na gama karatu, na ƙuli-ƙuli ne. Wata aminiyar Umma ce, Hajiya, take yi a gidanta a nan Kano, da yaji da zoɓo. Ta fi shekara goma tana ƙullawa a farar leda, ba suna ba komai, yara suna kai wa masu shaguna. Sai wani babban kanti ya ce zai riƙa karɓa, amma sai an zuba a roba mai murfi, da suna a jiki. Da ta zo tana ba Umma labari, Umma ta ce, "Ai ga 'yarki nan, abin da ta karanto a Zariya ke nan."

A Jami'ar Ahmadu Bello na yi karatu, a sashen da ake koyar da zanen talla da bugu, da aikin yumɓu, da na yadi, da na gilashi. Ni ɓangaren zanen talla na ɗauka. Tun muna aji ɗaya ake ba mu labarin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka ce za su karɓi dabarar da Bature ya zo da ita, amma abin zanawa daga gida za su ɗauko shi. Na rubuta wannan a jarrabawa, na ci. Sai a tsakar gidan Hajiya na gane abin da suke nufi.

Ranar farko na je mata da tambari uku a kwamfuta, duk baƙi da ruwan zinare, ɗaya har da kambin sarauta a sama. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Sun yi kyau, 'yata, Allah ya yi albarka. Amma ni sai na ga kamar na kwalbar turare." Gaskiyarta. Irin abin da nake gani a Instagram na kwaikwayo, ban kuma taɓa tsayawa na ga yadda take aikinta ba.

Washegari na koma ba kwamfuta, sai littafin zane da fensir. Na wuni ina kallo. An soya gyaɗa, an murje, an kai niƙa, an dawo ana juyawa ana yayyafa ruwan zafi har mai ya fito. Tunkuzar da ta rage ita ake mulmulawa a soya a cikin man nata. Idan an tsame, sai ta rufe kwanon da wani tsohon faifai mai zobe-zoben ja da kore da baƙi. A kan faifan nan idona ya tsaya. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san shi, yana ganin sa abinci ne zai faɗo masa a rai. Shi ya zama tambarin: zobe uku, da kwanson gyaɗa a buɗe a tsakiya. Da hannu na zana gyaɗar, da tawada, don kada layin ya yi santsin na'ura. Hajiya ta riga ta ce ba ta son hoton mutum a jikin kayanta, wasu masu sayenta ma ba sa so, kuma ban ga abin da aikin ya rasa ba.

Wata ƙawata ta ce me ya sa ban sa dagin Arewa ba. Ina son dagi, amma yanzu da mai gidan abinci da mai fasta ta siyasa da mai sayar da fili duk shi suke mannawa, har ya daina bambanta kowa da kowa. Alhali ga zanen bangon gidajen birnin Zariya, ga aska takwas ta babbar riga, ga adon hula, ga sassaƙar ƙwarya, ga ɗaurin rini na Ƙofar Mata, duk suna nan ba mu taɓa su ba.

Inda na sha wuya shi ne rubutu. A ƙarƙashin sunan mun sa "Ga daɗi, ga ƙamshi". Duba kalmomin kayan Hajiya: ƙuli-ƙuli, zoɓo, gyaɗa, daɗi, ƙamshi. In ban da yaji, kowace da ƙugiyarta. Yawancin kyawawan samfuran haruffan da masu zane ke yayi ba su da ƙ da ɗ da ɓ, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa inda mu muke sa 'y. Sai ka zaɓi samfurin da ya kwanta maka, ka buga "ƙ", ka ga ɗan akwati ya fito, ko kwamfuta ta aro harafin daga wani samfurin, ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki. Waɗanda suke da su cikakku, irin Noto na Google da Andika da Charis, suna da kyau a littafi da jarida, amma a jikin roba ina son harafi mai kauri mai fara'a. A ƙarshe na samu wani da ya yi, na gyara ƙugiyarsa ta ƙara fitowa, don a gan ta daga nesa.

Na kai aikin wata maɗaba'a, sitika 500. A nan na yi sakaci. A lokacin yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya kai wata takwas, na zauna a wani shagon bugu na koyi CorelDRAW, wato tsarin zane a kwamfuta, don shi masu bugu a nan suka fi amfani da shi. Abu na farko da aka koya min shi ne, kafin ka miƙa aiki ka mayar da rubutunka ya zama zane, yadda ko kwamfutar mai bugu ba ta da samfurin haruffanka ba abin da zai canza. Ranar, don sauri, na manta a layin sunan kaya da na kirarin. Da aka buɗe aikin a can akwatuna suka fito, yaron da ke kan kwamfuta ya goge su ya sa k da d da ya saba da su. Da na karɓo na buɗe ƙunshin, sai ga "Kuli-kuli" da "dadi" da "kamshi".

Na koma na nuna wa mai wurin. Ya ce, "Malama, ai kowa haka yake rubutawa, za a gane." Ita ma Hajiya cewa ta yi, "Kada ki damu kanki, 'yata, wa zai lura?" Na san za a gane. Amma ƙasa daban kasa daban, haka ƙafa da kafa, haka ƙarya da karya. Da Turanci ne aka yar da harafi ɗaya, da shi kansa mai bugun ba zai bari aikin ya fita daga shagonsa ba. Kuɗin Hajiya ne kuma, ba zan ce a zubar a sake ba. Sai na sayo alƙaluma masu siririn baki waɗanda tawadarsu ba ta gogewa, na zaunar da ƙannena biyu. Kowace sitika ƙugiya huɗu, sau 500, ƙugiya 2,000. Dare uku muka yi bayan sallar isha'i. Ƙaramar har ta fi ni iya lanƙwasa ta ɗ.

Sitikar zoɓo kuwa launi ne ya ba ni aiki. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injin bugu kuma da tawada huɗu. Jan zoɓon da yake ƙyalli a allona ya fito a gwaji kamar ruwan goro. Sau uku ina sa a buga min gwaji, ina riƙe da kofin zoɓo na gaske a gefe ina kwatantawa. A wannan zuwan ne wani ya ba ni shawara na sa kowace lamba a wurin lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wai ba mai dubawa. Na ƙi. Hajiya ta fara neman rajista, na bar gurbin fari har ta fito.

Talla ba mu yi mai tsada ba. Hotuna shida na ɗauka a tsakar gidanta da hasken hantsi, robar a kan faifan nan, na tsara su daidai tsayin allon waya don ta riƙa sawa a WhatsApp, inda yawancin masu sayenta suke. Na kuma yi ƙaramar fasta ta manna wa a shaguna, na ƙara layi ɗaya da ajami. Mutane sun manta cewa akwai dattawa da 'yan kasuwa da yawa da ajami ya fi musu saurin karantuwa. An cire shi daga ƙananan takardun naira a 2007, daga naira 100 a 2014, amma har yau yana jikin 200 da 500 da 1,000. Malamin da ya koya min allo na kai wa ya duba, ya gyara min wasali biyu.

Makon jiya na shiga kantin na ga robobin a jere a kan kanta, da ƙugiyoyinmu na hannu, wata ta ɗan fi wata tsawo. Bugu na biyu zai fito bayan salla, kuma an riga an mayar da rubutun zane. Wani mai sayar da huluna a Kantin Kwari ya ga sitikar ya aiko a yi masa tasa. A tsakanin ayyukan nan na fara zana samfurin haruffa nawa, mai kauri, na jikin kwali da allon shago. Da ƙ na fara, na gama babba da ƙarami, yanzu ina kan ɓ.