Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Belin Auta

Da tsari nake bi, yau labarin komawata kwalejin horon malamai za ku ji, tunda nan muka tsaya makon jiya. Sai dai ranar Juma'a an ɗaura aure a gidanmu na cikin gari, na jiyo Baffa daga zaure yana yi wa ango nasiha da karin maganarsa na kullum, wai naka sai naka, daɗin zama sai bare. Tun ranar barci ya ƙi ni. Ku yi haƙuri in tsallake shekaru, in faɗo 2018, shekarar da aka kama ƙanena Auta.

Kun san Auta direba ne, Kano zuwa Kaduna yake yi. Duk wanda ya san tasha ya san saƙo: mutum ya kawo katan a ɗaure, ya rubuta lambar waya a jiki, ya biya, a jefa a but. Wane direba ne ke kwance kayan mutane? Rannan wani ya ba shi katan biyu a Kaduna, ya ce sabulu ne da man shafawa na shago. A shingen bincike kafin a shigo Kano jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, suka yanke igiyar. Sabulun yana sama, layi ɗaya tak. Ƙarƙashinsa tiramol ne mai lamba 225, alhali wanda aka yarda a sayar a kantin magani bai wuce 50 da 100 ba. Aka kira lambar da ke jikin katan, a kashe. A watan Mayun shekarar ne gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC, don haka bincike ya yi tsanani a kowace hanya.

Da labari ya iso gida Inna tana tankaɗe. Ta ajiye rariya, ta ce min, "Harbe shi za su yi." Ba ruɗewa ce ta sa ta faɗi haka ba. Da kunnenta ta ji a rediyo, a watan Afrilun 1985, an harbe mutum uku a Legas kan hodar iblis, a ƙarƙashin dokar soja mai lamba 20 ta 1984. Janar Buhari ne shugaba a lokacin, ga shi kuma shi ne a sama a 2018. Ta haɗa biyun a ranta, babu wanda ya iya raba mata su sai da lauya ya zo har tsakar gida, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, an daɗe da soke wannan dokar. Ba za a kashe ɗanki ba."

Ni kuwa a ofishinsa ya faɗa min sauran. Ya buɗe dokar hukumar, wadda aka fara kafawa a 1989, ya ɗora yatsa a sashe na 11. Shigo da ƙwaya, ko safararta, ko sayar da ita, hukuncin yana kaiwa ɗaurin rai da rai. Sashe na 19 kuma, wanda aka samu da ita a hannunsa da saninsa, shekara 15 zuwa 25. Duka biyun aka tuhumi Auta da su. Na ce, "Barista, ai ba hodar iblis ba ce." Ya ce dokar ta ambaci hodar iblis da ire-irenta, kuma a nan ake sa tiramol da tabar wiwi. Kuma shari'ar ba ta kotun majistare ba ce, ba ta kotun Musulunci ba ce, Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke yin ta. Ya ce alƙalai sukan sassauta, sau da yawa ba a kai wa waɗannan shekarun, amma kada in ɗora raina a kan sassauci.

Abin da ya riƙe ni da shi shi ne maganar sani. Tsarin mulki, sashe na 36, ya ce mutum ba shi da laifi sai an tabbatar, kuma nauyin tabbatarwar yana wuyan masu gabatar da ƙara. Sai sun nuna cewa abin da ke katan ɗin ƙwaya ce da gaske, da takardar ɗakin gwaji. Sai sun nuna cewa wanda aka auna aka liƙe a gaban Auta shi ne aka kai gwajin, shi ne kuma aka kawo kotu. Sannan babban dutsen: sai sun nuna ya san abin da ya ɗauko. Ya tambaye ni me Auta ya faɗa a jawabinsa na farko. Alhamdu lillahi, abin da ya faɗa a bakin titi shi ya faɗa a ofis, bai ƙara ba bai rage ba, har da sunan tashar da kamannin mutumin. Barista ya ce mutane da yawa a wannan takardar ta farko suke kashe kansu, don tsoro ko don a sake su da wuri, alhali dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ba mutum dama a ɗauki jawabinsa a gaban lauyansa, in ba shi da lauya a gaban jami'in hukumar ba da agajin shari'a. Wannan ku riƙe shi, ku masu 'ya'ya a tasha da masu adaidaita sahu.

Aka gurfanar da shi a kotun da ke Gyaɗi-Gyaɗi, ya ce bai aikata ba. Mai shari'a ya ba da beli da sharaɗin mutum biyu su tsaya masa: ɗaya ma'aikacin gwamnati daga mataki na 12 zuwa sama, ɗaya mai gida ko fili da takarda a Kano. Kafin a cika, aka wuce da shi gidan yarin Kurmawa.

Duk danginmu mutum ɗaya ne ke da wannan matakin. Baffa. Wanda Baba ya sayar da gonarsa ta gado ya kai shi jami'a a Zariya, shi Baba ya zauna a kasuwa. Wanda ya tsaya a kan kabarin Baba ya ce marayun nan nasa ne.

Na je bayan magariba. Na zauna a ƙasa kusa da takalmansa, na ce, "Baffa, sa hannunku kawai ake so. Auta ba zai gudu ba, kun san shi." Ya daɗe yana jan carbi. Sai ya ce, "Ke yarinya ce. Saura min shekara biyu in yi ritaya, in sa sunana a takardar 'yan ƙwaya? Gidanmu ba a san mu da wannan ba. Ki ce masa ya amsa laifin kawai, a yanke masa 'yar shekara, a huta da jan sunanmu a kotu." Matarsa ta kawo min ruwa a kofin silba, ban iya sha ba. Ya zaro dubu biyu ya ce in hau mota. Na bar su a kan tabarma.

Wai so yake Auta ya amsa laifin da bai yi ba! Na kai wa Barista maganar, don in ji ko akwai hikimar da ban gani ba. Ya ce doka ta yarda da sasantawa, mutum ya amsa laifi a rage masa hukunci, kuma ga wanda ya aikata, sau da yawa ita ce mafita, shi da kansa yakan ba da shawarar. Amma wanda bai aikata ba, in ya amsa, tambarin mai fataucin ƙwaya ya hau shi har kabari, ya bi 'ya'yansa wajen neman aure. Naka sai naka. Wannan shi ne abin da namu ya zaɓa wa Auta.

Kada wani ya ɗauka ina kare masu sayar da wannan guba. Ni malama ce. Na ga yaron da yake na ɗaya a ajina ya koma kwana a kango, bakinsa na dalala. Wanda ya cusa ƙwayar nan ƙarƙashin sabulu, da an kama shi, da ni zan fara zuwa kallon hukuncinsa. A watan Mayun 2024 da aka ce Majalisar Dattawa ta amince a dawo da kisa kan masu fataucin, rediyon Inna na kashe da sauri, na zauna ina tunanin direbobi nawa ne ke ɗauke da katan ɗin wani a wannan sa'ar, mai kayan yana gida a kwance.

Wanda ya tsaya wa Auta mataimakin shugaban makarantarmu ne, mutumin Zuru, ba ƙabilarmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba. Ya ga idona a ɗakin malamai, ya tambaya, na faɗa masa. Ya ce, "Malama, kin tabbata ƙanenki bai sani ba?" Na ce wallahi. Washegari ya zo da takardar ƙarin girmansa da hotuna a cikin ambulan. Takardar gida kuwa maƙwabcinmu mahauci ne ya kawo, a naɗe cikin leda, ya ce Baba ya taɓa biya masa kuɗin asibiti, abin da mu ba mu ma taɓa sani ba.

Ranar da Auta ya fito ya rame har wandonsa sai da ya ɗaure da igiya. Bai yi kuka a gaban Inna ba. Da dare ya same ni a kicin, ya ce, "Yaya, Baffa ya zo kotu kuwa?" Na ce bai samu dama ba. Ya kalle ni, ya gane, bai sake tambaya ba har yau.

Beli dai ba sallama ba ce. Motar tana hannun hukuma a matsayin shaida, mai motar yana bin mu, shari'a kuma ko farawa ba a yi ba. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin yadda muka nemo ɗan kamashon tashar Kaduna da ya ga lokacin da aka kawo katan ɗin, da abin da ya sa ya ƙi zuwa Kano da farko.