Kwana a tsakiyar garke a tudun Mambila

Kawuna falken shanu ne, kuma yana da wata al'ada da abokan sana'arsa ke masa dariya a kai, in dai babban sa zai saya mai tsada to sai ya kwana a rugar ya ga kwanciyarsa da tashinsa kafin ya zaro kuɗi. Da zai hau Mambila ya ce in zo in riƙe masa jaka, ni ko dama neman dalilin zuwa nake.

Daga Jalingo muka kama hanyar Bali, muka wuce Serti inda ofishin gandun dajin Gashaka Gumti yake, har nan dai zafin da muka saba ne. Daga Mayo Selbe mota ta fara hawa, lanƙwasa bayan lanƙwasa, gefe ɗaya dutse ɗaya gefen rami, wata baiwar Allah a bayanmu salati kawai take har muka kai sama. Can kuma wata duniya ce, ciyawa shar iya ganinka, sanyi na ratsa riga, tudun ya kai wajen mita 1,600 shi ya sa ƙudan tsando bai dami wurin ba, shanu suka samu wajen zama. A Nguroje muka sauka, ɗan acaɓa ya ƙarasa da mu rugar dab da magariba.

Ardo ya karɓe mu da tuwon masara da kindirmo, aka kawo shayi mai zafi ɗan Kakara, inda ake noman ganyen shayi a nan tudun. Ana idar da isha'i Kawu ya yafa bargo ya ɗau tocila ya ce mu je.

Garken yawanci jajaye ne masu dogon ƙaho, Rahaji, da 'yan farare Bunaji. Kusan duk sun kwanta, kowace a kan ƙirjinta ta naɗe ƙafafu, kai a sama, ido rabi a buɗe, ba ka jin komai sai ƙarar tuƙa ta ko'ina da hucin numfashi. Na ce Kawu ai sun yi barci mu ma mu je mu kwanta. Ya ce "ɗana wannan ba barci ba ne, aiki suke, ciyawar da suka haɗiye da rana ce suke dawo da ita suna niƙawa." Saniya takan yi awa 10 zuwa 12 a kwance a kwana ɗaya, amma barcinta duka bai wuce wajen awa 4 ba, shi ma a gutsittsire, mai nauyin kuwa 'yan mintoci ne ta farka, ko an tara shi ba ya cika awa ɗaya. Tana iya gyangyaɗi a tsaye amma mai nauyin sai a kwance.

Mun daɗe wallahi kafin ya taɓa ni ya haska wata karsana a gefe. Tuƙar ta tsaya, wuyan ya saki, ta lanƙwasa kai ta ɗora a kan haƙarƙarinta, kunnenta na ɗan motsi. Kafin in gama gyara bargona ta ɗago ta ci gaba da tuƙa. Maruƙan da ke ɗaure a dangwali kam sun fi iyayen samun barci.

Can cikin dare sai ga ɗan Ardo ya taso da gudu da sanda. Ashe wata tsohuwar saniya ce ta mirgina ta baje a gefenta, bayanta ya kalli gangare, ƙafafu ta sama, ta kasa juyowa. Shi da Kawu suka kama ƙaho da wutsiya suka mayar da ita kan ƙirji, ta yi wata doguwar gyatsa. Tumbin saniya kullum cikin tara iska yake, in ta daɗe a baje iskar ba ta fita, ciki ya kumbura, kafin safiya sai dai wuƙa. A wuri mai tudu da gangare irin wannan makiyayi ba ya sakin jiki da barci.

Shi kuwa bijimin da muka zo dominsa, wani jibgegen ja, yawancin daren a tsaye ya yi shi, ya ɗaga wannan ƙafa ya sauke, da ya kwanta kuma bai so tashi ba. Da asuba sauran suka fara miƙewa, baya suke fara ɗagawa suna durƙushe a gwiwoyin gaba sannan su tashi su yi miƙa, shi sai da aka zungure shi, kuma ba miƙar. Kawu ya sa aka kayar da shi ya duba, tsakanin kofaton baya ya kumbura har yana wari.

Ardo ya yi dariya ya ce "Alhaji ai da ka tambaye ni da na gaya maka." Kawu ya ce "Allah ya ja zamanin Ardo, wannan ba zai jure tsayuwar tirela ba, a ɗaure min farin can." Cinikin farin sai da ya kai mu hantsi, ni dai ina jingine da jaka ina gyangyaɗi har aka tafa.