Godiya bayan walimar ritayar Baba

Assalamu alaikum. A madadin Baba da Mama da sauran 'yan gidanmu, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tako ƙafa ya zo walimar ritayar Baba ranar Asabar, da waɗanda uzuri ya hana amma suka bugo waya. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Mu dai mun tashi muna ganin yatsun Baba da shuɗi-shuɗi, kalar Giemsa da ake rina ɗigon jini da ita a kan gilashi. Ina ƙarama na ɗauka wani irin lalle ne na maza. Ranar da ya fara ɗora ni a kujerar ɗakin gwajinsa ya ce in leƙa madubin duba ƙwayoyin cuta, na ga wasu 'yan zobba masu ɗigon ja kwance cikin ƙwayoyin jini, da guda ɗaya mai siffar jinjirin wata. Ya ce, "To, kin ga mai kwantar da ku duk damina, Plasmodium falciparum." Wannan ɗan abin, wato ƙwayar cutar maleriya, shi Baba ya bi yana bincike a kai shekara arba'in da ɗoriya.

Godiya ta musamman ga tsofaffin ɗalibansa, waɗanda suka haɗa kuɗi suka ɗauki nauyin taron ba tare da ya sani ba. Daga bakinku muka fahimci abin da yake yi a shekarun da kulorokwin ya fara gazawa. A ba yaro magani, a koma a ɗebi jininsa rana ta 3, ta 7, ta 14, a zauna a ƙirga ƙwayoyin da suka ƙi mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wani lokacin da hasken janareta. A 2005 Najeriya ta ajiye kulorokwin ta koma haɗin magungunan artemisinin, sinadarin da ya kai Tu Youyou ta ƙasar Sin ga kyautar Nobel a 2015. Ba zan ce Baba ne ya sauya dokar ba, don sai ya ja mini kunne, amma alƙalumansa na cikin tulin da aka duba.

Wanda ya san shi ya san ba zai riƙe lasifika bai ambaci Garki ba, kuma bai ba mu kunya ba. Ya sake ba da labarin aikin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi da gwamnatin Najeriya a ƙauyukan Garki, Jigawa ta yanzu, daga 1969 zuwa 1976: aka yi feshi a ɗakuna, aka raba magani ga jama'a, zazzaɓi ya yi ƙasa sosai amma yaɗuwarsa ba ta yanke ba, da aka janye kuma ya dawo. Ɗalibai na ta murmushi, da alama sun ji shi sau ɗari. Fuskarsa ta fi sakewa da aka zo kan maganin kariya na damina da ake bin gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59, da rigakafin maleriya da aka fara a Kebbi a Disambar 2024.

Akwai waɗanda Baba ya ce lallai in gode musu da babbar murya, domin ba a cika ganin sunayensu a takardun bincike ba. Ma'aikatan ɗakin gwaji da idanunsu suka gaji a kan madubi. Direbobin da suka sha tura mota a laka. Masu unguwanni da suka tara jama'a a gindin bishiya suka yi musu bayani. Sai iyaye mata da suka miƙa yatsun 'ya'yansu aka soka, alhali ana ta raɗe-raɗin wai sayar da jinin ake yi. Wani dattijo cikin tsofaffin ma'aikatan ya zo da sanda, Baba na hango shi ya bar teburin manyan baƙi ya koma kusa da shi, har aka tashi.

Mama kuma, da kika raine mu duk damina shi yana ƙauye, ba mu da bakin gode miki.

A yi mana afuwa kan ɗaukewar wuta ana tsakiyar addu'a, da waɗanda abinci bai kai gare su da wuri ba. An tsinci hula zanna da tabarau a zauren, suna wajena. Masu tambaya ko yanzu Baba zai huta, tun jiya yake cigiyar wanda ya karɓi makullin ɗakin gwajin.