Shafi uku da lambar wayar wani

Muna aji uku a jami'a aka ce kowa ya je ya nemo wurin da zai yi wata shida yana koyon sanin makamar aiki. Lissafin kuɗi nake karantawa. Daren da na zauna zan rubuta CV ɗina na farko, wato takardar tarihin karatu da aiki da ake tura wa masu ɗaukar ma'aikata, na buɗe kwamfuta, na rubuta sunana da manyan baƙaƙe, sai kuma na tsaya cak. Kusan rabin awa ina kallon farin shafi. Ban taɓa karɓar albashin kowa ba, ban taɓa zama a ofishin kowa ba, to me zan ce na yi?

Da dabara ta ƙare mini, sai na roƙi wani abokina ya turo mini nasa. Na goge sunansa na sa nawa, na canza kwas, na bar sauran yadda suke. Duk kalmomin da ke ciki sun burge ni: mai ƙwazo, mai haƙuri, mai iya aiki da jama'a, mai jure matsin lamba. Na ƙara makarantar firamare, na ƙara ranar haihuwa, na ƙara cewa ba ni da aure, na jera sunayen darussa goma sha bakwai da na ɗauka tun aji ɗaya. Abu ya kai shafi uku, ni kuwa ina ta jin daɗi, a ganina yawan shafi shi ne yawan daraja. Na tura wa kamfanoni huɗu. Mako uku shiru kake ji.

Yayata ce ta fitar da ni daga duhu. Ta daɗe tana aiki a sashen ɗaukar ma'aikata na wani kamfani, amma girman kai ya hana ni nuna mata tun farko. Da na tura mata, ba a yi minti biyar ba ta kira ni.

"Ƙanena, ka canza layi ne ban sani ba?"

Na ce, "A'a Yaya, me kika gani?"

Ta karanto mini lambar da ke saman takardar. Lambar abokina ce. Na goge sunansa, na manta da wayarsa. Ta yi dariya har sai da ta yi tari, sannan ta ce in ɗauko biro, don lambar ita ce ƙaramar matsalata.

Abin da ta fara gaya mini shi ne yadda takardar ke isowa gabanta. Idan aka buɗe gurbin ɗalibai biyu ko uku, tulin takardu ne ke shigowa, kuma a zagayen farko ba karantawa take yi ba, leƙawa take yi. Idonta na sauka a rabin shafin farko na sama: wane ne, me yake karantawa, yaushe zai gama, me ya iya. In ba ta ga amsa a nan ba sai ta wuce. Ta ce a manyan kamfanoni ma wani lokaci manhaja ce ke fara tace takardun kafin ɗan'adam ya gani, tana neman kalmomin da aka sa a tallar aikin, kuma irin wannan manhaja kan rikice da CV mai ado da yawa, mai akwatuna da ginshiƙai da rubutu a cikin hoto. Nawa kuwa har zanen taurari na yi: manhajar lissafi ta Excel taurari biyar, Turanci taurari biyar.

"Wa ya ba ka taurarin?" in ji ta.

Ban da amsa.

Sai ta fara yi mini tambayoyi kamar 'yar sanda. Me ka yi a shekara uku banda zaman aji? Na ce babu. Ta ce ƙarya ne, ba kai ne ma'ajin ƙungiyar ɗaliban sashenku ba? Na ce ai wannan ba aiki ba ne, wahala ce kawai. Ta ce mutum nawa ke biyan kuɗin ƙungiya? Na ce 140. A ina kake rubutawa? Na ce da a littafi ake yi, ni na mayar da shi Excel saboda ana yawan gardama kan wanda ya biya da wanda bai biya ba, kuma kowane ƙarshen zango nakan fitar da rahoton abin da ya shigo da abin da ya fita. Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "Kana neman koyon aikin akanta, ka riƙe asusun mutum 140 shekara guda, amma ka ɓata wuri kana gaya mini kai mai haƙuri ne?"

Maganar ta tsaya mini a rai. Kowa zai iya kiran kansa mai ƙwazo, malalaci ma haka zai rubuta, kuma mai karantawa ba shi da hanyar tantancewa. Amma layin da ya ce "Na mayar da rajistar kuɗin mambobi 140 daga littafi zuwa Excel, na shirya rahoton kuɗi na zango biyu" abu ne da za a iya tambayarka a kai, a gane ko ka yi ko ba ka yi ba. Daga nan muka tono sauran. Akwai aikin rukuni da muka yi a aji biyu, inda muka bi rahoton kuɗi na shekara uku na wani kamfani muka kwatanta ribarsa da bashinsa, kuma ni na haɗa alƙaluman. Akwai yara uku da nake koya wa lissafi duk ƙarshen mako. Ashe ina da abin faɗa, raina shi kawai nake yi saboda ba a biya ni ba.

Daga baya na ci karo da labarin da ya sa na ƙara yarda da ita. Wajen shekarar 1482, Leonardo da Vinci, yana da kimanin shekara talatin, ya rubuta wa Ludovico Sforza mai mulkin Milan wasiƙar neman aiki, wadda mutane da yawa ke kira kakar CV. Mu yau da zane muka san shi. Amma a wasiƙar, abin da ya jero ɗaya bayan ɗaya shi ne zai iya ƙera gadoji marasa nauyi da za a ɗauka a tafi da su, zai iya janye ruwan ganuwar abokan gaba, zai iya haƙa hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, zai iya ƙera igwa da kekunan yaƙi masu rufi. Sai can ƙarshe ya ce yana sassaƙa kuma yana zane. Ya san mai mulkin da ke kewaye da abokan gaba ne zai karanta, sai ya sa abin da mutumin ke buƙata a gaba. Ni kuwa takarda ɗaya tak na watsa wa kamfanoni huɗu, ban ko karanta tallarsu har ƙarshe ba.

Sabon CV ɗin ya tsaya a shafi ɗaya na A4, rubutu mai girman 11. A sama suna, lambar waya (tawa a wannan karon), da sabon adireshin imel mai ɗauke da sunana kawai, don tsohon adireshin yana ɗauke da laƙabin da abokai ke tsokanata da shi ne tun sakandare. Sai layi biyu kan abin da nake nema. Sai karatu, na baya-bayan nan a sama, da shekarar da nake sa ran gamawa. Daga darussa goma sha bakwai na bar huɗu da suka shafi aikin. Firamare ta fita, maganar aure ta fita. Hoto ma mun yi gardama a kai: ta ce ya danganta da inda kake nema, a Amurka da Ingila ba a saba sawa ba saboda gudun nuna bambanci, a Jamus kuwa an daɗe ana sawa. Tunda tallar ba ta nema ba, na cire.

Inda muka fi ja-in-ja shi ne Excel. Ni ina so in rubuta "ƙwararre". Ta ce in gaya mata yadda ake nemo sunan mutum daga wani shafi a haɗa da kuɗinsa a wani shafin. Na fara kame-kame. Ta ce, "Ramin ƙarya ƙurarre ne, ƙanena. Rubuta abin da hannunka ya taɓa." Na rubuta cewa na iya jimla, tace bayanai da zana jadawali, kuma ina koyon VLOOKUP, wato dabarar Excel ta yin abin da ta tambaye ni. Raina bai so ba, gani nake na rage wa kaina tsayi.

Abu na ƙarshe, ta hana ni tura shi a Word, domin a wayarta layukan sun warwatse, ta ce in mayar da shi PDF. Sunan fayil ɗin ma sai da ta sa na canza, daga "CV na ƙarshe gyararre 2" zuwa sunana da kalmar CV. Na buga shi a takarda na karanta da ƙarfi, na kama kuskure biyu da idona ya tsallake a allo, ɗaya a sunan jami'armu.

Na tura wurare uku, kowanne na ɗan sauya jerin abubuwan bisa tallarsa. Ɗaya ya kira ni. A ganawar, matar da ke tambayoyi ta ɗora yatsa a kan layin mambobi 140, ta ce in ba ta labarin yadda na yi da waɗanda suka ce sun biya alhali babu sunansu. Kusan rabin lokacin a nan muka cinye shi. VLOOKUP kuwa cewa ta yi a makon farko za a nuna mini.

Bayan na fara zuwa aiki ne na ba abokina labarin lambar. Ya yi jim, ya ce ai kuwa akwai wata rana da wata mata ta kira shi tana tambayar wani mai sunana, ya ce mata ba nan ba ne, ya kashe wayar.